Sarauniyar da Ta Zauna a Kan Tsani

Makon jiya 'yan lise, wato babbar sakandare, su biyar suka zo gidana a nan Konni, wai sun kafa ƙungiyar marubuta, suna son in sa musu albarka. Na shimfiɗa musu tabarma, na ba su ruwa, na miƙa musu littafina su gani. Wata mai gilashi, wadda na lura ita ce bakinsu, ta juya bangon gaba da baya, ta ƙunshe dariya ta ce, "Madam, sarauniya ba doki ba takobi? Wagga ai awa mai saida ƙwai take, zamne bisa tsani." Sauran suka fashe. Na bar su sai da suka gama. Sannan wani dogo a cikinsu ya ce shi a waya yake rubutunsa, kuma labarin mutanen dā ya fi kowane sauƙi, tunda waɗanda aka yi abin a gabansu duk sun mutu, ba mai ƙaryata ka.

Wannan maganar ita ta hana ni sakat. Ban amsa masa a ranar ba, don ni in raina ya ɓaci bakina ba ya da linzami, kuma yaran baƙina ne. Ga amsar yanzu, na rubuta ta da biron bik a cikin kaye, wato littafin rubutu, kamar yadda na saba. In sun ga dama su ɗauke ta hoto su sa a wayar.

Aikin farko da na kai wa Malam Issufu shafi goma sha biyu ne, labarin wani jarumi na zamanin da ake kewaye gari da ganuwa. Lokacin ina ƙaramar malamar lakwal, wato makarantar boko, shi kuwa yana rubuta wa mutane wasiƙa a gindin dogonyaro kusa da gidan waya. Yana da wani tsohon mashin na buga takarda, harafi ɗaya na maƙalewa sai ya sa farce ya dawo da shi. Mashin ɗin na Nasara ne, bai san haruffanmu masu ƙugiya ba, saboda haka in Malam ya gama shafi sai ya bi shi da bik yana sa musu ƙugiyar ɗaya bayan ɗaya, har da kwafin karbon. Ban taɓa ganin ya tsallake ko guda ba. Ni buga min kawai na je ya yi. Sai ya ce ba ya buga abin da bai ji da kunnensa ba, in karanta da ƙarfi. Ga masu jiran wasiƙa cike da benci, ga mai gyaɗa ta sauke tirenta tana kallona. Na fara karantawa.

"Tsaya, Madam," in ji shi. "Jarumin ga naki, mi shika ci?"

"Gasasshiyar masara, Malam."

"Na ji kuma ya sha shayi."

"E, da ya dawo daga daji."

"To ki ƙara mishi da moto, shi huta da tahiya ƙasa."

Benci ya kwashe da dariya, ni kuwa na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Da mutane suka ragu ya zaunar da ni ya yi min bayani: masara da shayi baƙi ne a ƙasar nan, sun zo ne bayan ganuwa ta daɗe da tsufa. Shekara shida na yi ina kai masa rubutu. Shi ya koya min cewa kafin in sa abu a bakin mutumin dā, ko a jikinsa, ko a hannunsa, in je in tambayi tsofaffi, in ban samu amsa ba in bar shi da yunwarsa. Ban ga mai haƙuri da shafi kamarsa ba, ban kuma ga mai rashin tausayi ga ƙarya kamarsa ba. Wata rana na tambaye shi, to ina abin da ya rage wa marubuci, in komai sai ya tambayo? Ya ce, "Ƙago mishi suna, ƙago mishi mata, ƙago abin da yac ce da wanda bai ce ba, dut naki na. Amma abin da yas sa mutane ba su mance shi ba, wanga ba naki na ba." Na rubuta maganar a bayan kaye, na ɗauka na fahimce ta.

Kayan aikina a lokacin ba su cika jaka ba: kaye, bik biyu, rakoda mai kaset, batir na ajiya, sai goro da sabulu na gaishe da tsofaffi. Duk hutun lakwal ina kan hanya. Mota ta sauke ni inda kwalta ta ƙare, amalanke ya ƙarasa da ni. Yawancin tsofaffin da na zauna da su sunayen sarakuna suke jero min, wane ya haifi wane, har kaset ya ƙare ban samu mutum guda mai numfashi a ciki ba. Haka na yi ta yawo har aka kwatanta min wata tsohuwa a wani ƙauye bayan Bazaga. Ba zan faɗi sunan ƙauyen ba, sun gaji da baƙi masu kaye.

Inna Hajo sunanta, ita ce uwar rumbu. A ƙauyen nan duk kaka kowace mace takan zaɓi zangarnun hatsi mafi kyau daga gayaunarta, ta ɗaure, ta kai wani babban rumbun ƙasa da ke bayan gari. Wake ma ana kaiwa, a cuɗe da toka saboda ƙwari. Ana liƙe bakin rumbun a sama, a ɗora masa jinka, ba a sake buɗewa sai ranar da ruwan shuka ya sauka. Rumbun Marka suke kiransa. Na tambaye ta wace ce Marka. Ta dube ni kamar na tambayi sunan uwata, ta nuna min wani tudu mai duwatsu can gabas, ta ce kufan garinta ke nan.

"Sarauniya ta, tun ba a san bindiga ba. Ba ta yi yaƙi da kowa ba, abokin gabanta guda na, yunwa. Shekara biyu ruwa ya ƙiya. Anka canye rumbuna dut, sai guda, na iri. Mutane sunka taho mata da kuka, ba ta buɗe ba. Ƙanenta ya taho da mazaje, ba ta buɗe ba. Jikanta na cikinta ya mutu tana ji tana gani, ba ta buɗe ba. Ran da ruwan shibka yas sauka, tar raba iri ga kowa, gari yar rayu. Garuruwan da sunka ci nasu, tahi ki nemo min ko kufansu."

A kan amalanke na dawo ina juya labarin a raina. Shekara uku na yi a kan littafin. Na ƙago wa Marka ƙuruciya, na ƙago mata miji maƙeri, na ba ƙanenta suna da fuska da dalilinsa. Na koyo yadda ake gina rumbu, da yadda ake saƙar zanen da za ta ɗaura. Ba masara, ba shayi. Da na gama, na karanta wa abokan aikina malamai mata babin ƙarshe a lokacin hutun tara. Sannan ɗaya ta ce, "Ke dai gaskiya wagga muguwa ta. Jikanta hwa? Wa za ya sayi littahin muguwa?"

Maganar ta shige ni. Ina son Marka, kuma ina son a so ta. Malam Issufu ya riga ya rasu a lokacin, da yana raye da ya zare takardar daga mashin ya miƙo min abata. Sai na zauna na sake babin. A nawa, Marka ta ga jikanta yana shirin mutuwa, ta hau da kanta ta buɗe rumbun, ta ciyar da gari. Bayan kwana bakwai ayari ya ɓullo daga kudu da raƙuma ɗauke da iri, sakamakon kirkinta. Na karanta wa malaman, har da masu share hawaye. Ban koma na karanta wa Inna Hajo ba. Na ce a raina hanya da nisa, tsohuwa kuma ba ta karatu.

Ku da kuke zaton in an gama rubutu an gama aiki, nan ne ma wahalar take farawa. A Sakkwato aka buga min, na tsallako iyaka da kwalaye a bayan mota ina rungume da su kamar jinjiri. Ranar kasuwar Badagishiri nakan shimfiɗa buhu tsakanin mai albasa da mai tabarmi, in buɗe shafi in karanta da ƙarfi, in tsaya daidai inda abin ya ɗau zafi, in rufe. Mai son jin saura ya saya. A Malbaza nakan tari ma'aikatan siminti ƙarshen wata. A tasha direbobi ne, su saya wa matansu, su fara karancewa kafin mota ta cika. Akwai mai tsayawa a kanki ya karanta rabin littafin a tsaye, ya ajiye, ya ce bai yi daɗi ba. Akwai mai tambaya ko akwai shi a fim. Amma waɗanda na fi so su ne matan da ba su yi lakwal ba, su kwance bakin zane su saya, su ce 'yarsu za ta karanta musu. Littafin ya karɓu. Aka fara kirana Madam Marka a titi, kaina kuwa ya fara girma.

Sai na samo abin da ya fi kasuwa. Na yi ta sintiri gidan rediyon gari har suka yarda in riƙa karanta babi ɗaya duk mako da hantsi, lokacin da mata ke aikin gida rediyo na rataye a danga. Ban duba sama ba, ban duba gona ba, lissafin babi kawai nake yi. Shekarar nan ruwa ya ɗauke hatsi na fitar da kai. Kaka ta zo ba a cika rumbuna ba, maza suka watse cin rani da wuri. Ni ina birni, albashina na zuwa. Babin ƙarshe ya faɗo tsakiyar bazara, lokacin da ƙauye ke jiƙa anza, 'ya'yan itacen daji masu ɗaci, a ci, ana tankaɗe dusa sau biyu. Na karanta shi da murya mai daɗi, na dawo gida ana yi min sannu da aiki.

Bayan mako guda da 'yan kwanaki wata mai kawo daddawa kasuwar Konni ta nemo gidana. Ko zama ba ta yi ba. Ta ce Inna Hajo ta ce in zo yau, ba gobe ba, matan gari na son fasa rumbun Marka, sun ce sun ji a rediyo ita ma Markar ta buɗe.

Na sha jinin jikina. Na tari ɗan kabu-kabu, muka kama hanya rana na tsaka.

Na iske ta a gindin rumbun, zaune a kan wani dogon itace da aka kwantar, ta jingina bayanta da jikin rumbun. Ta rame har zanenta ya yi mata yawa. Buta da tasbi na gefenta. Aka ce min kwana tara ke nan ba ta matsa daga nan ba sai don alwala. Nesa kaɗan ga mata a tsaye, wasu da goyo, wasu riƙe da ƙwarya wadda ba komai a ciki. Na durƙusa zan gaishe ta.

"Kin iso, ɗiyar birni? Kak ki zamna. Tsaya, su gan ki. Gaya musu wa yab ba ki labarin Marka."

"Ke ce, Inna."

"Na ce miki ta buɗe?"

"Ba ki ce ba."

"To wa yac ce?"

"Ni ce. Ni na ƙago shi, don a so ta."

Wata mata ta fito daga cikinsu, doguwa, mai tsage a kumatu. Rabi sunanta, ita ta tara matan. Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta ɗaga da na fi jin sauƙi.

"Madam, mu ba mu yi lakwal ba. Anka ce muna abin da ke takarda ya hi bakin tsohuwa. Yanzu ke da kanki kin ce ƙarya ta. To ayarin hwa, mai kawo iri? Shi ma babu?"

"Babu."

"To ɗiyana ukku na, tun jiya ba su ci ba. Mi za ni ba su yau? Rubuta min wanga."

Rabi ba muguwa ba ce, uwa ce, kuma ni na ɗora mata bege a kan raƙuman da ba su taɓa wanzuwa ba. Kunya irin ta ranar ban taɓa ji ba, ta gaban bencin Malam Issufu wasa ce. Matan suka juya ɗaya bayan ɗaya suka koma gida da ƙoransu. Inna Hajo ko gezau ba ta yi ba, ba ta kuma yi murna ba. Ta bi bayan Rabi da kallo har ta ɓace, sannan ta ce da ni, "A rediyo kinka ɓata, a rediyo za ki gyara."

Makon da ya biyo na shiga ɗakin rediyo ba littafi a hannuna. Mai gabatar da shirin ya yi ta yi min alama da hannu in bari, na ƙi dubansa. Na faɗi abin da na yi, na ba da labarin yadda tsohuwar ta ba ni, har da jikan. Na ce duk wanda ke da iri ya riƙe, ba wani ayari a hanya. Daga ranar masu ajiye min littafi a shaguna suka fara dawo min da shi. Madam Marka ta koma Madam Ayari, ana faɗa ana dariya a bayana. Sauran kwafin da ke gida na sa reza na yanke babin ƙarshe daga kowane. Abin da na iya haɗawa na hatsi ni da malaman na kai ƙauyen, bai taka kara ya karya ba, amma na ga Rabi ta karɓi nata ba tare da ta dube ni ba.

Ruwan shuka ya sauka bayan mako uku. Ban je ba, ban ga ina da fuskar zuwa ba. Mai daddawa ce ta ba ni labari. Ta ce da gari ya waye Inna ta kasa tashi sai da aka kama ta. Da aka tambaye ta wa zai hau ya buɗe, sai ta ce a kira Rabi. Rabi ce ta fasa liƙin, ita ta riƙa miƙo damma ana raba wa kowa. Ƙauyukan da suka cinye nasu suka bazama neman iri a kasuwa ƙasa na bushewa, su kuwa kafin azahar sun shuka.

Bayan kaka na sake rubuta babin, na ɗauki kayen na tafi da ƙafata, kamar yadda ya kamata in yi tun farko. Inna ta murmure, tana zaune a tsakar gida tana ɓarar gujiya. Rabi ma na nan, an kira ta ta ji. Na karanta da ƙarfi. Na sa Marka tsaye a gaban rumbu, mashi a hannunta, ƙanenta da mazajensa sun ja da baya don kwarjininta. Na ji daɗin wurin nan ƙwarai, na ɗan dakata in ga an yaba.

Inna ta yi wata 'yar dariya ta hanci.

"Har yanzu ba ki gama yi mata kwalliya ba. Tsaye? Mai yunwa ba ta tsayi, ƙahwahu ba su ɗaukarta. Mashin kuma mi za ta yi da shi, ta soke ƙanenta? Bakin rumbu bisa yake, mai son shiga sai da tsani. Tsanin tak kwantar, taz zamna bisa. Mai son iri sai shi ɗaga tsohuwa da hannunai gaban mutane. Babu wanda ya iya."

Na lalubi ƙwaƙwalwata, kaset ɗin da na naɗi labarinta a ciki na saurare shi ya fi a ƙirga, wannan ba ya ciki.

"Inna, wa ya gaya miki haka? Kakarki?"

"Ba kowa." Ta ci gaba da ɓarar gujiyarta. "Ran da kinka zo, bisa mi kinka ishe ni?"

Rabi ce ta yi dariya, karo na farko da ta dubi idona. Ni da nake taƙama da ido, ni da na san irin zaren da ke zanen Marka, na tsaya a gaban matar da ta yi kwana talatin a kan tsani, itace kawai na gani.

Haka babin yake yanzu a sabon bugu, haka bangon yake. Mai zanen bangon ya roƙe ni in bari ya sa ko ɗan doki a nesa, na ce in ya sa ba zan karɓa ba. Littafin bai ƙara tafiya kamar na farko ba, masu son raƙuma sun fi yawa, na sani. Amma ina karanta shi a Badagishiri tsakanin mai albasa da mai tabarmi, in na kai wurin tsanin, tsofaffin mata kan daina ciniki su matso.

Inna Hajo ta rasu damina biyu bayan nan, Allah ya jiƙanta. A duk malaman da na yi, ita da Malam Issufu ne ban kama ƙafarsu ba, ita kuwa ko harafi ɗaya ba ta sani ba. Rabi ce uwar rumbu yanzu. Saboda haka mai gilashi, kin ji dalilin tsani. Kai kuma dogo, mai cewa duk sun mutu ba mai ƙaryata ka, ka shirya ranar Asabar in kai ka ka maimaita a gaban Rabi. Ba za mu sha wahalar nemanta ba. Bana ma damina ba ta yi kyau ba, na san inda za mu iske ta zaune.